Hannun Jatau Wanzami

Da sassafe ne, an kwana ana ruwa a Gummi, gari ya yi luf, ko'ina danshi. Jatau wanzami ya rataya zabirarsa ya nufi gidan Mu'azu mai kifi, inda ake suna. Shi ya yi wa Mu'azun askin suna, yau kuma ga ɗansa.

Tun daga zaure ya ji abin da yake gudu. Mata sun hura wuta da jiƙaƙƙen icce, hayaƙi ya kwanta a gidan ya ƙi tashi. Jatau kuwa yana da asma. Kafin a gama gaisawa ƙirjinsa ya fara ɗaurewa, numfashi na fita da ɗan fito.

Maganin na aljihunsa, ɗan shuɗin bututun nan da ake fesawa a baki. Ranar da aka ba shi a asibiti, ma'aikaciyar ta ce yana kwaikwayon abin da jiki ke saki ne in mutum ya firgita. Hanyar iska za ta buɗe, amma zuciya ta yi gudu, hannu ya yi rawa. Ta ja masa kunne kada ya wuce ƙa'ida, don mai yawaitawa zuciyarsa na iya rikicewa. Rawar kuwa, in ji ta, da kanta take lafawa.

To ga aska, ga madigar jariri. In ya fesa, hannu ya yi rawa. In ya ƙi, tari ya sarƙe shi aska na kan yaro.

Ya fita ƙofar gida ya fesa sau biyu, ya zauna a dakali. Can ƙirji ya saki, zuciya ta kama bugu kamar ana daka. Ya ɗora hannun a gwiwa yana rawa, bai ɓoye shi ba.

Sai ga Uwani, kakar jaririn, taubashiyar Jatau ce, ta leƙo da yaron a kafaɗa.

"Wanzan, mi ya samu hannu? Tsufa ne, ko tsoron angona kake?"

"Magani ne, Uwani. Mai da angonki ɗaki. Ban taɓa kansa da wanga hannu sai ya natsu."

Aka fara ƙus-ƙus. Wani ya ce a aika wa Mainasara, matashin wanzamin unguwar gaba. Jatau ya san gidan da wani wanzami ya shiga ba kasafai yake dawowa hannun na da ba, amma ya ce in ana sauri a kira shi, ba zai riƙe kowa a rai ba. Mu'azu ya dubi hannun, ya dubi fuskar tsohon, ya ce a fara raba goro.

Jatau ya cika ƙoƙon aski da ruwa fal, ya riƙe a tafin hannu. Ruwa ya yi ta tsiyaya. Ya ajiye, ya taya mutane hira. Da hantsi ya ɗaga ya sake ɗauka, ruwan ya tsaya cik.

Ya shiga tsakar gida ya wasa aska, ya yi bisimilla. Gashi ya riƙa zuba a faifai, kai ya fito tas, ko ƙwarzane babu.

Yana cikin gyaran ƙeya iska ta juyo da hayaƙi wajensa. Uwani ta zari murfin kwano ta tsaya tsakaninsa da murhu tana fifita, tana yi wa masu girki faɗan gishiri. Jatau bai ɗago ba, ya ci gaba da aikinsa.