Hajiya Luba Ta Yi wa Mota Gyaran Jiki

A unguwarmu, bayan Ƙofar Mazugal, mota ba ta shiga lungu. Kowa a bakin titi yake ajiye tasa, ya ƙarasa gida da ƙafa, shi ya sa girman kai ba ya nisa da mu. Malam Hambali kaɗai aka yi wa uzuri. Malamin lissafi ne da ya yi ritaya, yana da baƙar Marsandi wadda ta girmi 'ya'yansa biyu. Shekara goma sha ɗaya ke nan babu amaryar da ta bar unguwar sai a cikinta. Ladan da yake nema bai wuce a ce, "A motar Malam aka kai ta."

Ranar Laraba, saura kwana huɗu a kai Bahijja ɗakinta, mahaifinta ya sa a yi wa bangon waje fenti, kamar yadda ake yi a duk gidan biki, don baƙi su ɗauka haka bangon yake tun asali. Nata'ala mai fenti ya zo da injin feshi. Iska ma ta zo. Gidan a bakin titi yake, motar Malam kuwa tana gindin bangon.

Da Malam ya fito la'asar, ya tarar da motarsa ta koma zabuwa: ɗigo-ɗigon koren fenti tun daga bonet har but.

"Malam, a shafa mata tina, yanzu ya fita," in ji Nata'ala.

"Har da fentinta na asali?"

"To, sai in fesa mata sabo. Kore ya rage."

Kafin magariba Zaharaddeen ya zo jaje. Matashi ne mai sayar da wayoyi, ya sayi farar jif wata uku da suka wuce, kuma tun lokacin yake halartar kowane ɗaurin aure da wuri. "Baba, kada ka sa damuwa a ranka," ya ce. "In ba ta gyaru ba, ga tawa. Ai duk ɗaya ne."

Ba ɗaya ba ne, kowa ya sani. Mahaifin Bahijja, cikin kunya, ya ce zai zo ya duba ranar Asabar. In ɗigon yana nan, sai a yi haƙuri.

Washegari Malam ya tafi Ƙofar Ruwa, ya dawo da leda: curin shuɗiyar laka ta goge mota, kwalbar ruwan feshi, tsumma uku masu laushi, da man sa sheƙi. Mai shagon ya ce a fesa ruwan, a bi da lakar, ita za ta ɗauke duk abin da ya manne a kan fenti. Sharaɗi ɗaya ne: in ta faɗi ƙasa an gama da ita, domin yashin da ta kwasa zai karce motar.

Malam ya raba lakar gida biyu daidai, har da awo. Ya naɗe hannun riga, ya hau bonet da ƙarfin wanda ya shekara talatin yana goge allo. 'Yan majalisar bakin titi suka juyo da bencinsu. A shafa ta biyar lakar ta suɓuce, ta yi tsalle, ta sauka cikin yashi.

"A hure ta kawai," wani ya ce. "Ko tsire ne ai hure shi ake yi."

Malam ya ɗauke ta da yatsa biyu, ya jefa a kwata. Saura rabi, kuma ko tafin hannu bai gyara ba.

A nan Hajiya Luba ta fito daga gidan bikin da kwanonta. Ita ke yi wa amaren unguwar gyaran jiki, kuma taubashiyar Malam ce, don haka ba ta taɓa gaishe shi ba tare da tsokana ba.

"Bawana, wa ya rasu?"

"Wuce, Luba. Wannan aikin kimiyya ne."

Ta ɗauki ragowar lakar, ta murza, ta ja, ta shinshina. "Kimiyyar me? Wannan ai halawa ce, sai dai ba sukari." Halawa ita ce dafaffen sukari da lemon tsami da take bi da shi a jikin amarya, ya ɗauke datti da gashi. "Na hango ka ta taga. Dannewa kake yi. Wace amarya ce za ta yarda da wannan hannun? Kuma a tsakiyar rana! Mai da ta inuwa."

Malam ya dubi rabin lakar, ya dubi farar jif ɗin da ke tsallaken titi. Ya mai da motar gindin darbejiya.

Luba ta ɗaure mayafi a ƙugu, ta cire awarwaro. Ta faɗaɗa lakar a tafinta, ta ce, "Fesa." Malam ya fesa. Ta riƙa bi a hankali kamar mai lallashin jariri, ta ninke lakar in ta yi datti, ta shafa bayan hannunta a wurin don ta ji ko ya yi santsi. Ɗigon ya fara ɓacewa.

"Fesa. Ba nan ba, nan. Kai da digirinka."

Kwana biyu suna yi. Mutumin da ya kori ɗalibai daga aji saboda sun yi tari, shi ne riƙe da kwalba yana cewa "To, Hajiya." Da suka gama ta shafa man sheƙi, ta goge, ta turara kujerun da turaren wuta, sannan ta aiko da zanin gado uku aka lulluɓe motar ruf.

"Wadda aka gyara ba ta shiga rana sai ranar kai ta," ta ce.

Ranar Asabar mahaifin Bahijja ya zo dubawa. Luba ta tare shi. "Alhaji, a ina aka taɓa buɗe fuskar amarya a titi?" Da ƙyar ta bar shi ya ɗaga gefen zanin. Ya ga fuskarsa a jikin ƙofar, ya gyara zaman hularsa, ya ce, "Ma sha Allah. Malam, gobe bayan la'asar."

Ranar Lahadi aka fito da Bahijja, kanta a lulluɓe, tana kukan da al'ada ta tanada. Ba ta ga motar ba, ko baƙa ce ko koriya. Aka sa ta a baya, Malam ya ja a hankali. Jif ɗin Zaharaddeen ta biyo baya ɗauke da gwaggonni shida da tukwane.

Da ya dawo, yana rufe mota, ya ji mata biyu suna wucewa. Ɗaya ta tambayi a wace mota aka kai amarya.

"A wadda Luba ta gyara."

Malam ya daɗe yana goge madubin da ba shi da datti.