Ranar da Na Yanka wa Sama Zare

Jiya da dare na yi wani mafarki da har yanzu nake jin kaina ya yi girma. Wai ina zaune a zaurena, inda nake 'yan ƙere-ƙerena, sai ga wani bunsuru da jar hula ya yi sallama. Ya ce shi ne Daraktan Ruwan Sama.

"Malam Sallau, sama ta kwance," in ji shi. "Noti ɗaya ke riƙe da ita, zaren raminsa kuma ya cinye."

Na leƙa waje. Gaskiyarsa: ruwa na tsattsafowa daga ƙasa yana tafiya sama, rijiyoyi na ƙafewa, geron gonata duk ya langaɓe. Na ɗauki taf ɗina, ƙarfen nan mai haƙora da ake yanka zare da shi a cikin ramin noti, wato tsagin da ke sa noti ya ɗauru. Shi ke nan gare ni. In ya karye a ciki, sama ta tafi ke nan, gerona ma haka.

Sai ga mu a ƙolin wani tsani da ake hawa ta hanyar sauka. Ashe saman ma ƙarfe ce, har da tsatsa. Na ɗiga baƙin mai, na daidaita taf ya miƙe cir, na murɗa gaba, sannan na ɗan dawo baya don ɓarɓashi ya karye.

"Kai! A garin nan an hana komawa baya!" in ji Darakta.

"Ranka ya daɗe, in ban koma ba zai karye."

"To ya karye gaba."

Na murɗa gaba yadda yake so, sai na ji ƙarfen ya yi ƙis. Na tsayar da hannu. Na ce a raina, yau ko ɗaure ni za a yi sai na koma. Na dawo da hannu, ashe lokaci ma yana biye da ni: Darakta ya haɗiye maganarsa, ya sake cewa "Kai!" Duk sanda na juya baya sai ya koma farkon faɗan, bai taɓa kai ƙarshensa ba. Ɓarɓashi na zuba, kaji a ƙasa suna tsattsagewa, cikinsu na walƙiya.

Zare ya fita tsaf. Na ɗaura noti da yatsu biyu, ya shige sumul, ko gardama babu. Wallahi ban taɓa yin aiki mai kyan wannan ba. Ruwan da ya tafi ya tsaya, ya yi tunani, ya juyo.

Sai na ji ɗis, ɗis, ɗis. Na buɗe ido, matata Uwani na tura bokiti kusa da gado.

"Malam, kwanon rufin nan naka dai yoyo yake yi."

"Ina ruwan ya nufa?"

"Ƙasa mana! Da ina zai nufa?"

Na gyara filo. "To ki gode mini."