Ƙwarin Bayan Masana'antar Batir

'Yar Ƙwaro ake ce mata a ofis, tunda aikinta ke nan: ta ɗaga duwatsu a filin bayan masana'antar batir, ta kamo baƙaƙen ƙwarin nan masu gudu, ta rufe kowanne a kwalba, ta auna iskar da yake shaƙa. Na wannan fili haki suke kamar an koro su. Dalmar da ke cikin ƙasar ta sa jikinsu ƙona abinci ba tsayawa, ga ci ga rama.

Da rahotonta za a yanke ko a raba wa masu lambu filin. Mutum arba'in ke jira, har da yayanta.

Farfesa, shugaban sashen, ya duba takardun yana kaɗa cokali a kofin shayi. Rabonsa da taka laka tun kafin a haife ta.

"'Yata, ranar da kika kamo su kika auna?"

"A ranar, ranka ya daɗe."

"Shi ya sa. Mu nan sati biyu muke ba su. A zuba musu ƙasa mai kyau, a ciyar da su, hankalinsu ya kwanta. Haka muka tarar ana yi."

"Kafin sati biyu ai sun kasayar da rabin dalmar. Mu yi musu jinya, sannan mu rubuta cewa filin lafiya lau?"

"Ƙa'ida ce. Ko kin fi waɗanda suka rubuta ta?"

"Su ma masu lambun za a riƙa kwashe su ana kai su hutu?"

Bai yi dariya ba. Ya sa aka sake awon yadda aka saba, ƙwarin suka murmure, lissafi ya fito sumul. Ya turo mata sabon rahoton da biro, ta sa hannu. Ta kai hannayenta baya.

"Hannu ai ba ya ƙaranci a ginin nan," in ji shi. Ya sa nasa, ko shafi ɗaya bai buɗe ba.

Ta tarar da yayanta a filin yana kafa turaku.

"Yaya, kada ka shuka komai a nan. Ƙasar guba ce, ni na auna."

Ya zaro takarda daga aljihu, ya nuna mata hatimi da yatsa.

"Farfesa guda ya sa hannu, auta. Matsa, kin taka mini igiya."