Ranar da Aka Shanye Littafin Zelia

Zelia mai koko ba mafaɗaciya ba ce. Gara a faɗi wannan tun farko, don yanzu 'yan unguwar Maamobi sun mayar da ita wata zakanya, har da masu rantsuwa cewa ta fasa wa ɗan takara baki. Ƙarya ne, ko rigarsa ba ta taɓa ba. Ƙaninta ta mara, shi ma sau ɗaya tak, kuma duk wanda ya ji abin da ya yi sai ya ce ta yi masa sauƙi.

Shekarar zaɓe ce, gari ya ɗauki zafi. Samari masu ƙirji kamar firij suna yawo kan babura da tutoci, rediyo ba abin da ke fita daga cikinta sai zagi. Ga kuma maganar da ke bin lunguna, wai bayan zaɓe za a bi 'yan zango gida gida a tambaye su takardar kakanninsu. Ba wanda ya san inda maganar ta fito, amma tsofaffi sun rage cin abinci, don su sun ga shekarar da aka kori baƙi, sun ga yadda aka loda maƙwabtansu a manyan motoci kamar buhunan gawayi.

Ita kuwa Zelia, da hantsi ya yi, koko ya ƙare, ƙosai ya ƙare, sai ta wanke tukwane, ta jawo wani tsohon gwangwanin biskit daga ƙarƙashin tebur. A ciki akwai ɗauri uku na takardu, kowanne tsakanin kwali biyu, an ɗaure da tsumma. Rubutun babanta ne, marigayi Malam Saddique tela, da ajami, da tawadar gargajiya. A waccan shekarar ta kora ya yi wata uku bai leƙa ƙofar gida ba. Wani direban goro ya gudu ya bar masa littafin boko marar bango, shi kuma don kada tunani ya kashe shi sai ya zauna ya juye labarin kaf da ajami, yana yi yana ƙara nasa gishirin. Da wannan rubutun ya koya wa Zelia karatu.

Labarin wani sarkin aljanu ne mai kunne bakwai, wanda duk wanda ya yi ƙorafi a mulkinsa, ko da cikin bargo ne, sai ya wayi gari ya zama dutse. Sai wata gurguwa, 'yar maƙeri, ta ja ƙafa ta nufi fadarsa. Zelia ta karanta shi ya fi sau talatin. Amma duk sanda ƙasa ta rikice sai ta koma masa, musamman ɗauri na uku, inda gurguwar ke shiga fada. Tana karantawa leɓenta na motsi, wani sa'in ta yi dariya, wani sa'in ta share ido da bakin mayafi, ta tashi zuciyarta wasai.

To, a nan Sahada ta shigo. Sahada maƙwabciyarta ce, mai sayar da sabulu, wadda in ta ga abu da safe, kafin azahar ya isa har unguwar Alajo. Ita ce ta fara lura cewa kowa na ramewa, Zelia na ƙiba. Ranar da masu rusau suka zo suka kwashe rumfunan bakin titi kuwa, suka bar teburin Zelia, magana ta tabbata. Teburin nan taku biyu yake bayan layin da suka ja, kowa ya gani. Amma Sahada ta ce ina, takardun nan ne. Wa ya taɓa ganin mace ta tasa rubutun Larabci gaba kullum tana kuka, a ce ba asiri ba ne?

Maganar ta kai kunnen Abdul-Fatawu, ƙanin Zelia. Da can yana dillancin kayan mota a kasuwar Abossey Okai, yanzu ya koma riƙe wa Honarabul Hakim jaka, wani mai neman kujera a mazaɓar Nima. Tun yana yaro ya gudu daga makarantar allo, baƙi ɗaya ba ya iya haɗawa da wani. Ya zo ranar Alhamis, ya sha koko kofi biyu bai tambayi kuɗi ba, sannan ya rage murya.

"Yaya Zelia, abin nan na Baba. Ki ba ni aro na kwana biyu."

"Wane abu?"

"Haba Yaya. Gari duk ya sani. Honarabul in ya ci, mu muka ci."

"Kai, tatsuniya ce. Labarin aljanu ne da gurguwa. Zauna in karanta maka ka ji."

Ya yi dariya har da buga cinya. "Baba zai rufe kansa wata uku a ɗaki yana rubuta tatsuniya? Kuma aka kwashe kowa a layinmu aka bar shi? Yaya, ni ma fa ɗansa ne. Kin danne gado shekara da shekaru, ban ce komai ba."

"Gadon da ka samu shi ne babban kai, kuma ba kowa a ciki. Tashi ka ba ni wuri."

Ranar Asabar ta tafi suna Alajo. Ta dawo bayan azahar, ko mayafi ba ta cire ba ta ga gwangwanin a kan gado, murfi a gefe. Ɗauri biyu ne a ciki. Na ukun, wanda ya fi kauri, ya fi shan hannu, babu shi. Sahada na tsaye bakin ƙofa tana murza hannu.

"Ni dai na ce masa ya jira ki. Ya tambaye ni wanne kika fi karantawa, na ce ni ban sani ba, amma dai mai jan tsumman nan..."

Zelia ba ta tsaya jin sauran ba. Ba ta hau mota ba, ba ta hau babur ba. Da ƙafa ta ratsa lunguna, ta tsallake gwatar ruwan datti, takalmin biki na cin diddigenta, masu gaishe ta suna gaida iska. Abin da take ta faɗa a ranta shi ne, Allah ya sa wurin malami ya kai. Malami zai duba layi ɗaya ya gane, ya kore shi da carbi.

Bai kai wa malami ba. Abdul-Fatawu so yake a ce shi ya kawo nasara da hannunsa.

Farfajiyar gidan Honarabul cike take da samari, sun fi arba'in, ana shirin fita gangami. A tsakiya ga wani ƙaton baho na roba, irin na wanki. Samarin sun yi layi kowa da kofi, Abdul-Fatawu na tsaye da ludayi, ya naɗe hannun riga, yana zuba musu yana cewa kowa ya yi bisimilla, yau ko adda ba za ta kama su ba. Ruwan ja ne mai duhu, don Honarabul ya ce yaransa ba za su sha abu mai ɗaci ba, sai aka haɗa da sobolo, wato zoɓo, da sukari har da ƙanƙara. A kan katanga kuwa an shanya takardu jere, jiƙaƙƙu, fari fat, kamar tsumman jarirai. Da soso ya wanke su, ɗaya bayan ɗaya.

Zelia ta tsaya tana kallon katangar. Ta san kowace takarda da girmanta. Ga mai yagaggen kunne, inda gurguwa ta ƙetare kogin wuta. Ga wadda man ƙosai ya ɗiga a kanta shekara goma da suka wuce. Man yana nan, rubutun ya tafi.

"Yaya, kin zo? Wallahi da zan..."

Ƙarar marin sai da ta sa mai kiɗa ya kashe na'urarsa. Ludayi ya faɗa cikin baho.

"Ɗan banza. Ɓarawo. Rubutun hannun ubanka ka sa wa soso? Mutumin da ya ɗinka maka wando har ka yi gemu?"

"Yaya, a gaban mutane..."

"A gaban mutanen ka shanya shi!"

Samari biyu suka matso, ta juya ta dube su, suka tuna ita ke ba su koko tun suna zuwa makaranta da majina, suka koma baya. A gefen baho akwai sauran takardu da soso bai kai kansu ba. Ta kwashe su.

"Kuna son ku san abin da kuka sha? Ku buɗe kunne."

Ta ɗaga takarda ta karanta da ƙarfi, da muryar da take kiran masu saye. "Sai waziri mai kan jaki ya ce, ranka ya daɗe, wata gurguwa ce a ƙofa, ta ce ta zo aske maka kunnuwa. Sarki ya yi dariya har kunnensa na biyar ya toshe. Ya ce a shigo da ita in ga ƙafar da ta kawo ta."

Hausa ce tsantsa, kowa ya ji. Wani ya dubi kofinsa. Wani ya tofar. Daga baya can wani ya fashe da dariya, ya ce wa na kusa da shi, "Chale, jaki muka sha!"

Ta ci gaba, don ta fara ba ta iya tsayawa. Gurguwa ta shiga, ta wuce tsakanin duwatsun da dā mutane ne, ta gane babanta a cikinsu da guduma a hannu. Ta zaro almakashin da ta ƙera da kanta. Sarki ya miƙe. Takarda ta ƙare.

Wani ƙato mai sarƙa a wuya, wanda ya matso har gabanta bai sani ba, ya ce, "Mma, sai me ya faru?"

Zelia ta dubi katanga, ta dube shi.

"Yana cikinka."

Sai ga Honarabul Hakim ya fito da farar riga, yana murmushin fosta. An riga an raɗa masa. Ya ce, "Hajiya, a yi haƙuri, kuskure ne. Duk don ci gaban al'umma muke yi." Ya miƙo mata ambulan.

"Ban je Makka ba, kada ka ba ni Hajiya. Mayar da abinka aljihu. Tun ina goyo kuke zuwa da farar riga kuna cewa za ku rufe gwata, gwata na nan ta ci yara ta ci awaki. Kun tsorata tsofaffi da maganar takarda har sun kasa cin tuwo. Duk na haƙura. Abu ɗaya nake da shi da nake buɗewa in ji sanyi, shi ma sai da kuka aiko aka jiƙa muku shi da sukari."

Murmushin ya ɗan karkace. Ya juya ga yaransa ya ce a zubar da ruwan nan a gwata, a wanke bahon.

Zelia ta ce, "Wanda ya taɓa shi sai na karya masa hannu."

Ta cire mayafin bikinta ta yi gammo. Ba wanda ya motsa, sai ƙaton nan mai sarƙa ya sunkuya ya ɗora mata bahon. Ta bi katanga ta tattara fararen takardun, ta haɗa da masu rubutu ta cusa a ƙirji. Abdul-Fatawu na dafe da kunci yana cewa Yaya, Yaya, ba ta ko waiga ba. Haka ta ratsa Nima da la'asar, mace mai shekara hamsin da shida, da leshin biki, da bahon wanki a ka, jan ruwa na zubo mata a wuya.

A gida ta ƙirga. Cikin takarda sittin da huɗu, tara suka tsira. Ta san abin da ya faru a sauran, ta san gurguwa ta yi nasara. Ta zauna ta gwada faɗa wa kanta, sai ta ji labarin ya fito a bushe, kamar wani ne ke ba ta labarin biki da ba ta je ba. Yadda Baba ya jera maganar, inda yake tsayawa ya zagi sarki da bakin tela, wannan ya bi soso.

Ta tace ruwan da tsumma mai tsabta ta ɗura a galan. Tana cikin rufewa sai ga Sahada ta leƙo, da ɗan kofi a ɓoye cikin zani.

"Zelia, sannu da wannan abu. Na ce ko za ki ɗan tsiyaya mini kaɗan, gwiwar nan tawa..."

Zelia ta dube ta har sai da Sahada ta ja da baya da kanta, ta fita da kofinta.

Sannan ta rufe ƙofa, ta zuba wa kanta, ta yi wa babanta addu'a, ta sha. Sukari ya yi yawa. Kwana huɗu ta yi tana sha har galan ya ƙare, ba ta ba kowa ko ɗigo ba. Abdul-Fatawu ya turo dattawa sau biyu, ta ba su koko, ta raka su ƙofa. Har yau in zai je Nima daga tasha, ta bayan masallaci yake zagayawa, don kada ya bi ta gaban teburinta.