Ruwan Da Na Yayyafa

Shekara talatin ina wanki da guga. Na ɗauka ba abin da za a gaya mini a kan sitaci.

Autata a ɗakin gwaje-gwaje na jami'a take aiki. Tun ranar da batirin waya ya fashe a shagon babanta ya ƙone masa hannu, ta ce sai ta yi batirin da ba ya kamawa da wuta. Wai ruwan da ke cikinsa ne ke cin wuta, ita kuma sitaci za ta sa a madadinsa. Takan dama shi da wani irin gishiri, ta shanya, ya fito siriri kamar ɓawon albasa.

Na ce, "Auta, duk bokon nan ashe sana'ata kika gada?"

Ta yi dariya. "Inna, ke riga kike sa wa, ni batir."

Shekara uku tana yi yana lalacewa. Da ya yi kyau, sai aka fara gyaran rufin ɗakin gwajinsu. Ta kawo kwalba gida, falle shida na sitacin a ciki, ta ɗora a kan kabad ɗina.

"Ki kula mini da su, Inna."

Ko awon haɗin ba ta gama rubutawa ba. Sati biyu a tsakani, zazzaɓi ya ɗauke ta.

Da masu gaisuwa suka watse, na buɗe kwalbar. Na ga sun bushe, gefensu ya nannaɗe. Tufa mai sitaci in ta ƙandare, ruwa ake yayyafa mata. Hannuna ya yi abin da ya saba. Na rufe, har ina jin na cika mata alkawari.

Malaminta ya zo wata safiya. Ya ce, "Mama, in muka auna su za mu gano haɗin, aikin ya fita da sunanta."

Na miƙa masa. Ya ɗaga kwalbar wajen taga. Sun narke, sun manne a gindi kamar gam.

"Ruwa ya shiga ne?"

"Ni na sa. Na ga sun bushe."

Ya cire tabarau, ya daɗe yana gogewa. "A bushe ake son su, Mama."

"To in shanya a rana? Ko in kunna dutsen guga?"

Ya girgiza kai kawai. Ya bar mini kwalbar ya tafi.

Duk da haka kullum da safe ina fitar da ita rana, kusa da igiyar shanya. Da yamma in ɗaga in duba. Yadda take jiya, haka take yau.