Mai Wutsiyar Dodo

Fim ɗin na yara ne, zane mai motsi, a kan wani makiyayi da dodo mai aman wuta da suka koyi yarda da juna. Darakta ne ya rubuta labarin da kansa, kuma duk wanda ya tambaye shi saƙon fim sai ya dafe ƙirji ya ce amana. Shi kuwa ko cajar waya bai taɓa ara wa kowa ba.

Tsoronsa kada masu zane su sace masa dodo su sayar wa wani kamfani. Sai ya yi wa dodon gunduwa-gunduwa: wannan ya samu kai, wancan fukafukai, wata budurwa a cikinsu kuma aka ba ta wutsiya, har sunan Mai Wutsiya ya bi ta. Ya sa katako tsakanin tebura, ya liƙe ramin filashin kowace kwamfuta da gam don kada a kwafi komai. Labarin ma a aljihunsa yake. Sai dai ya tsaya a bayanta ya ce, “A nan wutsiya ta motsa sosai.”

“Yallaɓai, murna yake ko fushi?”

“Ke dai motsa ta. Daga tambaya ake fara cin amana.”

Mai Wutsiya ta zaɓi murna, ta zuba mata duk gwanintarta. Tana da dalili. Tunda ta fara aikin nan, in baƙi suka tambayi abin da take yi, mahaifiyarta cewa take, “Tana dai nema, a taya mu da addu’a.” Abin yana mata ciwo ƙwarai, shi ya sa ranar nuna fim ta zaunar da Umma a layin gaba.

Darakta ne ya haɗa gaɓoɓin shi kaɗai a ofis, ido ɗaya a kwamfuta, ɗaya a ƙofa, kuma ba wanda ya kalla kafin ranar. Da farko komai lafiya. Can wajen ƙarshe maharba suka harbo makiyayi, dodo ya tare kibiyar da ƙirjinsa ya faɗi. Kai yana zubar da hawaye, fukafukai sun yi laƙwas, makiyayi yana kuka yana cewa kada ka tafi ka bar ni. Wutsiya kuwa sai kaɗawa take kamar ta karen da ya hango maigidansa, har da ɗan tsalle.

Wani yaro ya fara ƙyalƙyalewa, zauren duka ya ɗauka. Dodo ya cika, wutsiya ba ta samu labari ba. Umma ta yi dariya har tana share ido da gefen mayafi, ’yarta kuwa ta ji kamar ƙasa ta tsage ta shige.

Da aka kunna fitila, darakta ya tare Mai Wutsiya a bakin ƙofa.

“Na san za a ci amanata, ban dai zaci ke ba ce. Ki ajiye katin shiga, kada in ƙara ganinki a ofis.”

Ta ciro katin daga wuya ta miƙa masa. Umma tana gefe, ba ta ji ba, waya ce a kunnenta.

“Yaya, ashe babban aiki yarinyar nan take yi. Wutsiyarta kaɗai mutane suka yaba. Ki gaya wa kowa, gobe ma zan raka ta in ga ofishin.”