Ruwan Maraba a Rugar Kawu Daudu

Rugar Kawu Daudu tana bayan duwatsu ne, tsakanin Gwiwa da Roni, inda in bazara ta kankama har kaji sai ka ga sun saki baki suna haki. Rijiyarsu ta daɗe da ƙafewa. Abin da ya rage musu tafki ne guda a gindin dutse, shanu su shiga su sha su yi abin da suka ga dama a ciki, mata su biyo baya su kore gansakuka da ƙwarya su ɗiba.

Ma'u 'yar ƙanwar Kawu Daudu ce, dattijuwa mai tsafta da tattali, irin matan da ake cewa ko ƙuda ba ya samun wurin sauka a ƙwaryarsu. Tana riƙe da jikarta Nafisat, yarinyar da ko famfara ba ta gama ba. Tun shigowar zafi cikin yarinyar yake murɗawa, zawo ya tsaya ya dawo, daga baya har jini aka fara gani a fitsarinta. Da aka kai ta asibiti, mai ba da maganin bai ɓoye wa Ma'u komai ba. Ya ce, "Inna, magani zai yi aikinsa. Amma in ta koma ruwan da ya kawo ciwon, ciwon ma zai koma." Ma'u ta ɗaure maganar a bakin zane ta kawo gida. Ina wani ruwan yake?

Ana cikin haka sai labari ya zo cewa wata ƙungiya ta masu coci tana bin ƙauyuka tana haƙa rijiyar burtsatse, a gefenta kuma su ɗora 'yan azuzuwa don yara su samu karatu maimakon yini a hanyar tafki. An ce za su biyo ta rugar su duba.

To, kun san Fulani da baƙo. Ko daga wace ƙasa ya fito, ko wane addini yake bi, ba a bari ya ga wallen gida. Ma'u ta tura ɗanta garin Gwiwa a babur ya sayo ruwan leda, ta zauna ta farfasa ta juye a sabuwar randa, don kada a ce ruwan saye aka ba baƙi. Aka yi wa yara wanka aka sa musu kayan Sallah. Nafisat kuwa aka kwantar da ita a ƙuryar bukka, domin ba a tarbar baƙo da majinyaci.

Jagorar baƙin wata mace ce daga Filato, Malama Rifkatu, doguwa mai tabarau, Hausarta irin ta birni. Ta karɓi ƙwaryar ruwa ta sha har ta ƙara, ta ce, "Ruwanku da daɗi." Sannan ta juya wajen Kawu Daudu, shi ne Arɗon rugar.

"Baba, yaya kuke fama da ruwa?"

"Alhamdulillahi."

"Ba ku da matsala?"

"Lafiya lau muke."

"Yara fa? Ba ciwon ciki?"

"Lafiya ƙalau, sai godiya."

Aka yi sallama cikin fara'a. Ma'u ta cika wata ƙwarya da kindirmo ta ba su guzuri, ta koma gida tana jin ta fita kunya.

Ba a daɗe ba Bintu ta zo sayen man shanu. Babarbariya ce, mijinta yana cinikin hatsi a Babura, ita da Ma'u kuwa wasan Fulani da Barebari bai taɓa barinsu sun gaisa a mutunce ba.

"Baiwar gidanmu, fito ki ji abin da kuka jawo wa kanku," in ji Bintu tun daga bakin shinge.

"Wa ya kwance ki daga turke da sassafen nan?"

Amma Bintu ba ta yi dariya ba. Ta zauna ta ce ƙanen mijinta yana cikin leburorin injin haƙar, shi ya faɗa musu an cire rugar Kawu Daudu daga cikin wuraren da za a haƙa wa rijiya. Masu ƙungiyar sun ce mutanen nan ruwansu garau yake, yaransu kuma fes, gara a kai inda ake wahala. Da sun gama inda suke, sai gabas, kuma in damina ta faɗi injin ba ya shiga daji.

"Wai wane ruwa kuka ba su?" Bintu ta tambaya.

Ma'u ta faɗa mata. Bintu ta dafe kai.

"Likita ya zo gidanku kun ɓoye masa ƙurji kun nuna masa kitso. Ku dai kunya ce za ta binne ku."

Kunnen Ma'u yana bukka, inda Nafisat take nishi ƙasa-ƙasa. Ranar hannunta bai kama komai daidai ba. Ta zuba nono a ƙwaryar da ba a ɗauraye ba, ta bar tuwo ya kama. In ta dubi randa sai gabanta ya faɗi, don ruwan ledar ya ƙare, kuma ba kullum ake samun mai zuwa Gwiwa ba.

Da la'asar ta sami Kawu Daudu a gindin aduwa yana tufka igiya. Ta durƙusa can nesa.

"Kawu, an ce injin zai wuce mu."

"Na ji."

"Da za a aika musu a ce..."

"A ce me, Ma'u? Bakin da ya ce lafiya a gaban jama'a, shi zai koma ya ce ba lafiya? Ubana ya yi shekarar da shanu suka ƙare, bai taɓa ce wa baƙo yana jin ƙishirwa ba." Ya ja igiyar ya gwada ƙarfinta. "Kuma mutanen coci ne. Wa ya san abin da ke biye da ruwan?"

"Kawu, ƙauyen su Bintu an haƙa musu tun bara. Da shi liman yake alwala."

Kawu Daudu ya ci gaba da tufkarsa. Can ya ce, "Yaya yarinyar?"

Bakin Ma'u ya buɗe zai ce da sauƙi, yadda aka saba. Ta haɗiye. Ta kasa cewa da sauƙi, ta kasa cewa babu. Dattijon ya ɗaga kai ya dube ta, ya mayar kan igiyarsa, hannunsa ya daina tufkar.

Kwanakin da suka biyo baya Ma'u ta rame kamar ita ce majinyaciyar. Duk ƙarar mota da ta jiyo daga titi sai ta ce injin ne yake tafiya. Ta yi tunanin ta je ta same su da kanta, amma mace ta tsallake Arɗo ta je ta ƙaryata shi a gaban baƙi? Da wane ido za ta sake duban Kawunta?

Sai ga shi wata hantsi farar mota ta tsaya a bakin ruga. Malama Rifkatu ce, ta dawo da ƙwaryar kindirmo, ta sa sabulai a ciki, don ita ma ta san ba a mayar da ƙwarya ba komai. Ta ce wucewa suke, ta ga bai kamata ta tafi da kayan mutane ba. Aka shimfiɗa mata tabarma a gindin aduwa kusa da Kawu Daudu. Bintu ma tana nan, ta zo karɓar manta.

Ma'u ta shiga kawo ruwan maraba. A gefen bukka akwai 'yar jarka ta ruwa mai kyau da aka samo wa Nafisat, ga kuma randar kowa da kowa. Ta daɗe tsaye a tsakaninsu. Tun tana budurwa ba a taɓa kushe abin da ya fito daga hannunta ba, in kuwa ta yi abin da zuciyarta ke raya mata, har jikokinta sai an yi musu gori. Nafisat ta motsa a kan shimfiɗa ta ce, "Inna, cikina." Ma'u ta ɗauki ƙwaryar baƙi, wadda ta fi kowace kyau, ta nutsa ta cikin randar.

Ta fito, ta durƙusa ta ajiye a gaban baƙuwa, idonta a ƙasa. Ruwan ja ne kamar an dama ƙasa, ga 'yan tsutsotsi suna wutsil-wutsil a sama, ga warin shanu. Matan da ke leƙe ta shinge suka rufe baki.

Malama Rifkatu ta cire tabarau ta duba, ta mayar ta sake dubawa.

"Baba, wannan fa?"

Ma'u ta saci kallon Kawu Daudu. In ya ce kuskure ne, na shanu ne aka ɗebo, shi ke nan, magana ta mutu. Dattijon ya miƙa hannu ya ɗauki ƙwaryar, ya hure saman yadda suke yi kullum, ya yi bismilla ya sha sosai. Ya goge gemu ya ajiye.

"Alhamdulillahi," in ji shi. "Lafiya lau muke."

Baƙuwar ta dube shi, ta dubi Ma'u. Sannan ta ce a hankali, "Mama, ko za ki raka ni in ga inda shanunku suke sha? Ina son ganin shanu."

Suka tafi tafki tare. A hanyar dawowa Ma'u ta ɗaga mata labulen bukka ta ga Nafisat. Malama Rifkatu ta koma gefe ta yi doguwar waya, Ma'u ba ta jin Turanci, sai fuskar matar take karanta, fuskar kuwa ta ƙi karantuwa. Da ta gama ta zo ta ce ƙauyen da aka yi wa alkawari ba za a saɓa musu ba, amma daga can injin zai juyo nan kafin ya yi gabas, in ruwan sama bai riga su ba. Ta roƙi Arɗo ya nuna inda ya dace, wai don shanu. Kawu Daudu ya ce to, tunda don shanu ne.

Da motar ta tafi, Bintu ta ɗauki manta ta ce, "Yau na ga abin da zan ba Barebari labari. Ma'u mai tsafta ta shayar da baƙuwa kwata."

"Je ki faɗa har Barno," in ji Ma'u.

Amma ba Bintu take kallo ba. Gabas take duba, inda wani ɗan gajimare ya fara taruwa a kan duwatsu, tana roƙon Allah abin da ba ta taɓa roƙo ba tunda aka haife ta a ruga, ya ɗan jinkirta damina.